Neman Furannin Daji da Rani da Bazara a Kewayen Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara da hunturu ya kama, tambayoyi kusan iri ɗaya ke dawowa daga bakin ɗalibai, da masu ɗaukar hoto, da malaman makaranta masu son fita da yara: wai akwai abin kallo a daji yanzu kuwa, ina za a nufa, yaushe? Na tattara waɗanda aka fi yi, na amsa gwargwadon inda ƙafata ta taka a ƙasar Zazzau.

Da gaske ana samun furanni a daji da rani? Ba komai ne ke bushewa ba?

Ana samu, wasu ma ba za ka taɓa ganinsu da damina ba. Abin da ke mutuwa bayan kaka shi ne ciyawa da ƙananan tsirran da rayuwarsu ba ta wuce damina ɗaya. Itatuwa kuwa, da tsirrai masu ajiyar abinci a saiwa, da yawansu sai ƙasa ta bushe suke fure. Duk wanda ya taɓa tsintar kaɗe ya san dalili: kaɗanya tana fure cikin sanyi, 'ya'yanta su nuna daidai faɗuwar ruwa, ƙwallon ya faɗo kan ƙasa mai laima ya tsiro. Da za ta jira damina kafin ta yi fure, da 'ya'yan sun zubo a kan busasshiyar ƙasa sun lalace. Ga shi kuma itacen da ya kaɗe ganye furensa ba ya ɓuya ga ƙudan zuma da tsuntsaye da jemagu.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya riƙa dube-dube daidai tsayin gwiwa, kamar yadda ake yi a watan Satumba. Da rani wuri uku ake duba: kan itatuwa, da ƙasa ƙiris inda wuta ta ci, da bakin ruwa. Kowanne yana da tasa amsar a ƙasa.

Wane wata ya fi dacewa a fita?

Ya danganta da abin da kake nema. Daminar Zariya takan fara ne cikin Mayu ta ɗauke cikin Oktoba, ruwan shekara kuma yana kai milimita 1,000 ko sama da haka kaɗan. Daga ɗaukewar ruwa furannin rani suke bin juna. Gawo ne kan gaba, shi da ya saba wa sauran itatuwa, yana tsirara da damina ya yi ganye da fure in kowa ya fara bushewa. Minjirya ma tana ja tun daga wannan lokaci. Daga Disamba zuwa Janairu sai rimi da gurjiya da kaɗanya da madobiya, rawaya kuma ta fara leƙowa a ƙonannun wurare. Fabrairu da Maris na ɗorawa ne da sansami da marga. In bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sai uwar magunguna da gauɗe su karɓa.

Masu karanta labarin ƙasashen Turai kan tambaya ko muna da irin lokacin nan nasu da ƙanƙara ke narkewa furanni su rufe ƙasa. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu bazara ce, sai dai namu furannin ba sa shimfiɗuwa kamar darduma, ɗaiɗai suke, sai an neme su. Wanda zai fita sau ɗaya tak a shekara, ni dai shawarata ya zaɓi tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris.

Da safe ko da yamma?

Da sassafe, daga bayan asuba zuwa hantsi. A Maris da Afrilu zafin rana yakan kusa maki 40, ƙarfe 11 na yi furanni sun yi laushi, kai ma ka yi. Amma rimi da ɗorawa na dare ne, da almuru suke buɗewa, saboda haka wanda ke son ganinsu a cikar kyansu sai ya je gab da magariba, a wurin da ke kusa da gari. Duba amsar da ke magana kan tsaro kafin ka shirya fitar yamma.

Ina zan nufa a kewayen Zariya?

Duwatsu su ne na farko, domin garma ba ta hawa dutse, abin da noma ya kore daga fili a can yake fakewa. Gindin dutsen Kufena kusa da Wusasa, da duwatsun Dumbi a kan hanyar Kaduna, suna da tsirran da ba ka samu a gona: tinya a tsagin dutse, kabar giwa da dogon sandan furenta a farkon rani, da ƙananan itatuwa irin su gwandar daji da tsada. Na biyu bakin ruwa: fadamun Galma wajen Dakace, kogin Kubanni da madatsarsa a cikin jami'a, da tafkin Bomo. Na uku gonakin karkara ta wajen Shika da Basawa da Hunƙuyi, inda manoma suka bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsaye cikin gona tun kakanni.

Wanda bai saba da daji ba ya fara da Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello tana da lambun tsirrai inda aka bar itatuwan ƙasar nan suka girma yadda suke so, mutum ya koyi kamanninsu a nan cikin kwanciyar hankali kafin ya fita nemansu. Ko cikin birni ma akwai abin gani. Zariya garin rimi ne, sunayen wurare irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko sun isa shaida. Tsaya ƙarƙashin tsohon rimi da magariba a watan Janairu, za ka ji wani wari-wari kamar na madarar da ta kwana, ka ga jemagu suna kai-kawo a kan tarin ƙananan furanni farare. Ba kowace shekara kowane rimi ke fure ba, in ka tarar da ɗaya shiru sai ka gwada na gaba.

Na ga wani fure rawaya ɗanye shar a kan toka, ba ganye ba kara. Mene ne?

Rawaya ke nan, sunanta ɗaya da launinta. A wurina ita ce sarauniyar furannin rani. Za ka zo wurin da wuta ta cinye makonni kaɗan da suka wuce, ƙasa baƙa ƙirin, toka na tashi in ka taka, sai ka hango kamar an yar da ƙyalle. In ka durƙusa za ka ga falle biyar masu sheƙi, faɗin furen ya kai tafin hannun yaro, tsakiyarsa cike da siraran zare masu ɗauke da gari, kuma kai tsaye daga ƙasa ya fito, ɗan sandansa bai fi tsawon yatsa ba. Sau da yawa akwai ƙwaro a ciki ya yi buɗu-buɗu da garin. Jikin tsiron duk yana ƙarƙashin ƙasa, wata katuwar saiwa ce mai tauri wadda ta tara abinci tun damina. Ganyen sai ruwa ya sauka yake fitowa, lokacin fure ya daɗe da wucewa, shi ya sa mutane da yawa ba su san ganyen da furen na tsiro ɗaya ba ne.

Saiwar tana ba da rini rawaya, masu maganin gargajiya kuma suna haƙarta, musamman don shawara. Abin lura, kalmomin da muke kiran wannan launi da su, rawaya da ruwan ɗorawa, duka biyu suna komawa ga tsirran da ke fure a wannan lokaci na shekara.

Ke nan gobarar daji tana da amfani ga furanni?

Ga wasu, i. Rawaya da tofa sun saba da wuta, tofa ma bayan ƙuna ne take fitar da farin furenta mai laushi kamar auduga a gefen fadama. Itatuwan wannan daji irin su kaɗanya suna da ɓawo mai kauri da ke kare su. Amma wuta suna ta tara. Ta farkon rani, lokacin ciyawa da sauran danshi, lasar ƙasa take yi ta wuce. Ta Fabrairu da Maris, wadda yawanci masu farautar gafiya da zomo ke tayarwa, tana hawa har kan itace ta babbake fure da amya da ƙananan itatuwa, wani lokaci ta shiga karan da manomi ya tara. Don Allah kada wani ya karanta amsar da ta gabata ya ɗauki ashana wai zai fito da rawaya. Wuraren da wuta ta riga ta ci sun ishe ka dubawa.

Jajayen furannin kan itatuwa suna rikita ni. Yaya zan bambanta su?

Huɗu ne aka fi gani. Gurjiya, wadda wasu ke kira kurya, furenta kamar ƙaramin ƙoƙo yake, ja ko ruwan lemo, mai kauri kamar an yi shi da kakin zuma, yana zaune a kan reshen da ba ganye ko ɗaya. In ya faɗo da nauyinsa yake faɗowa, sai ka tarar da gindin itacen ja wur. Jikinta da ƙayoyi masu kauri. A ƙasar Tibi da Burkina Faso miya ake yi da gindin furen. Minjirya ƙaramin itace ne mai ƙaya da ake yin shinge da shi, furanninta sirara ne a jere a kan sanda ɗaya da ke kallon sama, jansu ya fi na kowa ƙarfi.

Ɗorawa ba ta ɓuya. Furenta, wanda ake kira tutu, dunƙule ne kamar ƙwallo yana reto a ƙarshen doguwar igiya. In ka ɗauki wanda ya faɗo ka duba, za ka ga ba fure ɗaya ba ne, ɗaruruwan ƙananan furanni ne suka cushe wuri ɗaya. Da almuru suke buɗewa su zubo da ruwa mai zaƙi, jemagu su sha da dare, ƙudan zuma su yi sammako su ƙarasa, rana na ɗagawa ya fara yaushi. Wanda ya tashi a ƙauye ya san tsotson tutu. Daga wannan ƙwallo ne dogayen 'ya'yan ɗorawa ke fitowa, a samu garin ɗorawa, da kalwar daddawa, da makubar da ake shafe katanga da daɓe.

Na huɗu kauci ne, wanda ba itace ba ne, a jikin wani itacen yake rayuwa yana shan ruwansa. In ka ga wani cunkus na koren ganye a kan reshen da ya bushe, da furanni kamar tsinken ashana, shi ne. Ka ɗan dakata a wurin, ɗan tsuntsun nan mai dogon baki da ake kira sha-kauci ba zai daɗe bai zo ba.

Ban da ja fa, wane itace ya cancanci a yi tafiya dominsa?

Sansami. Sauran watannin shekara ba wanda ke waiwayarsa, amma in ya yi fure a Fabrairu ko Maris, sai ya rufe da furanni ruwan hoda masu kamar ƙararrawa, da jan zane a maƙogwaronsu, ga ƙamshi. Ba banza aka yi masa kirari da ɗan sarkin itatuwa ba. Marga kuma dogayen zangarnun furanni rawaya take saukowa da su. Uwar magunguna, wato sanya, nata furen shuɗi ne mai ja-ja, ƙamshinsa kan riga ganinsa isowa. Gauɗe yana buɗewa fari ya koma rawaya washegari. Ka kuma lura da doka da maje: jan da kake hangowa a kansu a ƙarshen rani ba fure ba ne, sabon ganye ne, amma kyansa bai gaza na fure ba.

Madobiya ce ke ba ni takaici. Tana yin rawaya gaba ɗayanta cikin hunturu, amma katakonta ya ja mata sara ana fita da shi ƙasashen waje, har ta kai tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ganin babbar madobiya cikin fure yanzu sai an yi da gaske.

Me ake samu a bakin ruwa?

Bado ne babba. Farin yakan buɗe da dare ya rufe da hantsi, saboda haka shi ma na mai sammako ne. Duman rafi yana malala a kan yashi da furanninsa jaja-jaja masu kamar mazurari. Zazar giwa, mai ƙaya a kowace gaɓa, tana fure shuɗi a fadamar da ta fara tsotsewa a farkon rani. A kan juji da gefen hanya kuwa akwai haƙorin kada mai fure rawaya da ganye mai ƙaya, baƙo ne daga nahiyar Amurka amma ya zama ɗan gida, ga kuma tumfafiya da ba ruwanta da rani ko damina. Ka tuna fadamun Galma gonakin mutane ne na tumatir da albasa da rake, a kan kunya ake tafiya ba cikin fangali ba.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Akwai amfanin fita?

Akwai, sai dai ka sauya inda za ka sa ido. A shekarar fari bakin ruwa ne ke fara yin asara: kududdufai su ƙafe tun Disamba, bado ya koma cikin laka ya kwanta, dabbobi su taru a ɗan ruwan da ya rage su tattake komai. Makiyaya kuma sukan sassaɓe rassan gawo da maɗaci da madobiya don shanu, reshen da aka sare kuwa ba ya fure. Amma manyan itatuwa saiwarsu ta yi nisa, za su yi fure ko da bai kai na kullum yawa ba, rawaya ma da ajiyarta take aiki. A irin wannan shekara ka bi gindin duwatsu, inda ruwan da ya gangaro yake daɗewa a ƙasa, da bakin ƙoramu ko da sun ƙafe a ido. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san waɗanne itatuwa ne suka jure, zama da su ya fi yawon kwana biyu amfani.

Akwai masu guba ko masu cutarwa?

Ƙwarai. Farin ruwan tumfafiya da na tinya suna iya lalata ido. In ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi asibiti. Ƙarya, ɗan gajeren itacen nan mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda da ake dasawa a gidaje, wadda karin maganar nan ta «ƙarya fure take ba ta 'ya'ya» ke tuna mana da ita, guba ce tun daga saiwa har fure. Ƙarara tana rataye a bakin rafi da kwanson da ke sa ƙaiƙayi mai tsanani. Kada yaro ya sa wani fure a baki sai wanda babba ɗan wurin ya ce ana sha.

Sai maciji da kunama. Kububuwa da kasa suna kwanciya cikin busasshen ganye da gindin dutse, launinsu ya saje da ƙasa. Sa takalmi rufaffe da dogon wando, kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa ba tsotsa, a hanzarta zuwa asibiti, ga asibitin koyarwa nan a Shika. Ka kuma ɗaga kai kafin ka tsaya ƙarƙashin ɗorawa ko kaɗanya, galibi akwai amya a sama.

Batun tsaro da neman izini fa?

Wannan ya fi duk sauran tambayoyin nauyi. Wasu yankunan karkara, musamman ta yamma wajen Giwa zuwa Birnin Gwari, sun sha fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, kuma yanayi yana sauyawa daga wata zuwa wata. Kada ka dogara da labarin bara. Ka tambayi ɗan wurin a makon da za ka je, kada ka tafi kai kaɗai, ka bar wa na gida sunan inda ka nufa, ka dawo da rana tsaka.

In ka isa ƙauye fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci: «Ranka ya daɗe, mun zo kallon itatuwa ne da ɗaukar hotonsu, muna neman izini da ɗan rakiya.» Baƙo mai leƙe-leƙe da waya a bayan gari abin zargi ne a wannan zamani, kuma mutane suna da gaskiya. In ka tarar da manomi, «Sannu da aiki, Baba» kafin ka taka gonarsa. Ɗan rakiyar nan, in ka yi sa'a, shi zai zame maka malami, a sallame shi da abin kirki.

Zan iya tsinko fure ko in haƙo tsiron in dasa a gida?

Wanda ya faɗo ƙasa ɗauki abinka. Na kan ɗorawa da kaɗanya kuwa ka bar shi, abincin wani ne, domin itacen cikin gona yana da mai shi, kowane tutu da ka tsinka kalwa ce ka rage masa. Haƙa ita ce ban yarda da ita ba sam. Rawaya da uwar magunguna ba kasafai suke rayuwa in an tumɓuke su ba, ga shi masu neman saiwa sun riga sun rage su. Mai son dasawa ya tara iri in 'ya'ya sun nuna. Minjirya kuwa reshe kawai za ka roƙa ka kafa da damina, za ta kama.

Akwai wata kaɗanya da na shekara biyar ina ziyarta duk Janairu saboda ƙamshin furenta da kukan zuman da ke kanta. Wata shekara na je na tarar da kututture da baƙin da'irar ramin gawayi a gefensa. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, buhunan da aka samu daga gare ta kuwa ba za su yi wata guda a kasuwa ba.

Yaya zan san sunan abin da na gani?

Fara da mutane: makiyaya, masu amya, mata masu itace, masu saiwoyi a kasuwa. Rubuta sunan yadda aka faɗa maka da garin da ka ji shi, domin suna yakan sauya daga Zazzau zuwa Kano ko Sakkwato, wani lokaci kuma suna ɗaya tsirrai biyu ko uku ke amsa shi. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga tarin sunayen tsirrai na Hausa, har yau masana suna komawa gare shi. In kana son sunan kimiyya, sashen nazarin tsirrai na jami'a a Samaru yana da ɗakin ajiyar busassun tsirrai inda ake gwada samfuri. Manhajojin waya irin su iNaturalist da PlantNet suna taimakawa, amma sukan yi kuskure a kan tsirranmu, kada ka ɗauki amsarsu a matsayin yankan shakka.

Tunda yawancin furannin rani ba ganye suke zuwa da shi ba, ɗauki hoton ɓawon itacen da busassun 'ya'yan da ke ƙasa da siffarsa daga nesa. Ka riƙe wurin a ka, ka koma da damina ka ga ganyen.

Hazo yana ɓata mini hoto. Akwai dabara?

Hazo na ɓata hoton nesa ne, na kusa gyara shi yake yi, domin yana tausasa hasken rana. Matsa kusa, ka sa rana a gefenka, ka goge gilashin kyamara akai-akai saboda ƙura. Ga rawaya, kwanta ka ɗauka daga ƙasa, baƙin toka ya zame mata bango. Ajiye tsabar kuɗi ko biro a gefe don a gane girma.

Yaushe furannin rani suke ƙarewa?

Ruwan farko mai ƙarfi, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, shi ne iyaka, kuma yana zuwa da nasa. Kwanaki kaɗan bayansa albasar kwaɗi takan ɓullo a wurare masu danshi, da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiyar kowane falle. Ba ta daɗewa, wanda ya yi jinkirin mako biyu sai ya tarar da ganye kawai. Kuka ma a wannan tsakanin take sauko da fararen furanninta masu buɗewa da dare, tsamiya ta biyo baya. Daga nan ciyawa ta rufe ƙasa, manoma su fita shuka, hanyoyin da ka bi da rani su koma gonaki. Ita ma albasar kwaɗi guba ce, kada sunan ya ruɗi yara.